Kayan zaƙin cakulan na gida domin waɗanda likita ya sa wa dokar abinci

Garin koko tsantsa, wanda ake yin cakulan da shi (ba kokon gero da muke sha da ƙosai ba), ba a zuba masa sukari ko madara ko alkama. Babban cokali ɗaya nauyinsa kusan giram 5 ne, sitacin da ke ciki bai fi giram 3 ba, kuma fiye da rabin wannan harza ce da jiki ba ya mayarwa sukari. Abin da ke cutar da mai ciwon sukari ko mai kumburin ciki a cikin cakulan na kanti shi ne tarkacen da aka tara wa kokon: sukari, garin madara, kitse, fulawa. Idan uwargida ta raba kokon da waɗannan, ta kuma san aikin da kowannensu yake yi a cikin haɗi, za ta iya fitar da maƙulashen da mara lafiyar gidanta zai ci hankalinsa kwance.

Kafin ki ɗora tukunya, ki tabbatar da ainihin abin da aka hana mutumin, domin abincin wani gubar wani ne. Dabino da fiya da gyaɗa duk abinci ne masu kyau, amma dabino yana ɗaga sukari, fiya tana cike da sinadarin fotasiyam da ake hana masu ciwon ƙoda, gyaɗa kuma tana iya toshe numfashin wanda jininsa bai ɗauke ta ba. Shi kansa kokon ba kowa ya dace da shi ba. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ko ake yi masa wankin ƙoda kada a ba shi sai likitansa ya faɗi iyaka, saboda fotasiyam da fosfaras da ke ciki. Haka wanda tsakuwar ƙoda take yawan damunsa. Mai ƙwannafi shi ma yakan ji a jikinsa, don cakulan yana sassauta bakin tumbi, ruwan ciki mai tsami ya taso ƙirji. Idan zai ci, ya ci kaɗan da rana, ba dab da kwanciya ba.

Zaɓen garin koko

Ki juya bayan gwangwani ko leda ki karanta jerin kayan haɗi. Abin da kike so shi ne wanda koko kaɗai aka rubuta. Milo da Bournvita da ire-irensu abin sha ne da aka haɗa da sukari da tsiron sha'ir, don haka ba su dace da mai ciwon sukari ba, ba su kuma dace da wanda aka hana alkama ba, domin sha'ir yana ɗauke da gulutin, sinadarin da ke sa ƙullun fulawa danƙo, kamar alkama. Masu sayar da kayan kek a manyan kasuwanni suna auna garin koko a leda. Ki ɗanɗana kafin ki biya. Na ƙwarai yana da ɗaci da ɗan bauri, yana kama harshe. Wanda kika ji zaƙi ko ya yi fari-fari an yi masa algus da sukari ko sitaci.

Iri biyu ne. Akwai wanda aka bari yadda yake, launinsa ja-ja, yana da ɗan tsami. Akwai kuma wanda aka kashe tsaminsa da sinadari mai kama da kanwa, dabarar da ta fito daga Holan a gidan Van Houten, waɗanda suka ƙirƙiro injin matse man koko a 1828. Shi ya fi duhu, ɗacinsa ya fi sauƙi, ya fi saurin narkewa a ruwa. A haɗin da ba a gasawa kowanne ya yi, amma na biyun ya fi dacewa idan za a rage zaƙi sosai. A gashi kuwa bambancin yana da muhimmanci: mai tsamin yana tashi da bekin soda, mai duhun kuma sai da bekin foda, in ba haka ba kek ɗin zai ƙi tashi ya yi ɗanɗanon sabulu.

Awon da za a bi a nan: babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali mililita 5, kofi mililita 240, wato kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi. Kowane cokali a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo.

Maganar zaƙi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Mutane da yawa sun ɗauka idan an cire farin sukari aka sa zuma ko dabino ko mazarƙwaila, to an gama da matsalar mai ciwon sukari. Ba haka ba ne. Babban cokalin zuma yana da sukari kusan giram 17. Naman dabino kusan kashi biyu cikin uku sukari ne, ƙaramin busasshen dabino guda yana ba da giram 5 zuwa 6. Fifikon dabino shi ne yana zuwa da harza, kuma yana riƙe haɗi ya ba shi danshi, amma dole a ƙirga shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta sa zuma cikin sukarin da ake so a rage, ta kuma ce ya fi kyau babba mai lafiya ya tsaya a kusan giram 25 a yini, wato ƙananan cokula shida. Jariri da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma kwata-kwata.

Ga mai ciwon sukari, akwai sitibiya da eritiritol, kayan zaƙi masu maye gurbin sukari, da ake samu a kantunan magani da manyan shaguna. Sitibiya tana da ƙarfi ƙwarai, kuma idan ta yi yawa tana barin ɗaci a maƙogwaro wanda yake haɗuwa da ɗacin koko ya ɓata komai. A riƙa sa ta kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Eritiritol zaƙinsa kusan kashi 70 cikin 100 na sukari ne, yana ba da jiki a cikin kek, sai dai yana sanyaya harshe, kuma idan haɗin ya kwana a firji yakan koma tsakuwa-tsakuwa, don haka a niƙa shi ya zama gari kafin a zuba. Cakulan na kanti da aka rubuta babu sukari galibi da wani madadin sukari mai suna maltitol ake yin sa, shi kuma yana ɗaga sukarin jini daidai gwargwado, yana kuma saki ciki idan an ci da yawa.

Dabaru biyu suna rage buƙatar zaƙi tun daga farko. Na ɗaya, ɗan gishiri iya abin da yatsu biyu suka ɗauka yana danne ɗacin koko. Wannan ƙanƙanin bai kai ya dami mai hawan jini ba idan an raba shi ga mutum huɗu. Na biyu, a dama garin kokon da ruwan zafi cokali uku ko huɗu a bar shi minti biyu kafin a haɗa da sauran kaya. Ƙamshinsa yana buɗewa, baurin ya kwanta.

Madarar aya maimakon ta shanu

Wanda madara ke kumbura wa ciki ko ta sa shi gudawa, aya ta wadatar da shi. Aya saiwa ce, ba dangin gyaɗa ba ce. Ki tsince busasshiyar aya kofi ɗaya, ki cire tsakuwa da waɗanda suka yi baƙi, ki wanke, ki jiƙa awa 12 zuwa 24 kina sauya ruwa sau biyu don kada ta yi tsami. Ki markaɗa da ruwa kofi uku, ki tace da ƙyallen tatar koko. Kada ki sa dabino ko sukari yadda ake yi wa kunun aya. Ba ta da juriya: a zafin bazara kafin yini ta fara tsami, a firji kuma kwana biyu ne iyakarta. Tana da nata zaƙin da sitaci, saboda haka mai ciwon sukari ya fi samun sauƙi da madarar kwakwa mai ruwa-ruwa ko ta waken suya marar sukari.

Haɗin farko da ita shi ne kunun cakulan mai kauri da ake ci da cokali. Madarar aya kofi biyu, garin koko babban cokali uku, konfulawa babban cokali biyu, ɗan gishiri, da zaƙin da kika zaɓa. Ki haɗa garin koko da konfulawa a busashe a cikin tukunya tukuna, ki zuba madarar da sanyinta kaɗan-kaɗan kina damawa har ya zama kamar ƙullun koko babu gudaji, sannan ki ƙarasa sauran ki ɗora a wuta marar ƙarfi. Kada hannunki ya bar maburgi. Ayar da kanta tana yin kauri idan ta ji wuta saboda sitacinta, shi ya sa konfulawar ba ta da yawa. Idan da madarar kwakwa ko ta waken suya kike yi, ki mayar da ita cokali uku. Da zarar ya fara ɓulɓula, ki ƙirga minti ɗaya kina juyawa, ki sauke, ki raba a ƙananan kofuna huɗu. Idan aka sauke kafin ya tafasa zai yi warin ɗanyen gari kuma ba zai kama jikinsa ba. Idan ya kama sannan ya tsinke bayan awanni, yawanci cokalin da aka lasa ne aka mayar ciki, domin yawu yana narkar da sitaci kamar yadda yake tsinka kunu. Ki shimfiɗa leda mai tsabta a kan fuskarsa tun da zafi don kada ya yi fata.

Fiya da koko

Wannan ba ya buƙatar wuta, babu madara, babu ƙwai, babu gari, kuma shi ne mafi sauƙi ga mai ciwon sukari. Fiya biyu manya da suka nuna sosai, namansu kusan giram 300, garin koko babban cokali huɗu da aka dama da ruwan zafi, madarar aya ko ta kwakwa sulusin kofi, ɗan gishiri, rabin ƙaramin cokalin banila. A markaɗa a blanda har ya yi sumul kamar man shanu, a sa a firji awa ɗaya. Ya isa mutum huɗu. Idan da sitibiya aka yi, rabon mutum ɗaya bai wuce giram 5 na sitaci da sukarin da ke shiga jini ba. Idan aka sa ƙananan dabino shida da aka jiƙa a ruwan zafi minti 20, zai kai giram 11 ko 12.

Duk nasararsa tana ga fiyar. Wadda ba ta nuna ba tana ba da ɗanɗanon ganye da gudaji da blanda ba za ta kashe ba. Wadda ta wuce tana da zare-zare baƙi da ɗan wari. Mai kyau ita ce wadda kika latsa kusa da hancinta ta ɗan lotsa, cikinta rawaya mai maiƙo. Irin masu ruwa-ruwan nan kuwa sai ki rage madarar zuwa rabi. Kada a ɗumama shi, fiya tana yin ɗaci idan ta ji wuta. A cinye cikin kwana biyu.

Kek ɗin wake, ba fulawa

Wanda aka hana alkama saboda hanjinsa ba ya jure gulutin, wake yana tsaya masa a madadin fulawa, kuma ya fi garin shinkafa ko na rogo alheri ga mai ciwon sukari saboda furotin da harzarsa. Sai dai akwai tarkon da ake yawan faɗawa: injin markaɗe na unguwa da aka niƙa alkama a cikinsa yana barin burbushi, kuma wannan burbushin ya isa ya tayar wa irin wannan mara lafiya da ciwo. A yi komai a blandar gida da aka wanke, da rariya da muciyar da ba su taɓa fulawa ba.

Ki ɗauki busasshen wake giram 110, gwangwanin madara ɗaya da bai cika ba. Ki surfa ki wanke kamar za ki yi alale, ki dafa da ruwa zalla har ya yi laushin da zai murje tsakanin yatsu. Ba gishiri, ba albasa, ba kanwa. Kanwa tana sauya ɗanɗanon koko, kuma gishiri ce a ɓoye ga mai hawan jini. Ki tsane shi a rariya minti 15 har ya daina ɗiga. Za ki samu kusan giram 250. Ki zuba a blanda tare da ƙwai biyu, man gyaɗa babban cokali uku, garin koko babban cokali shida, bekin foda rabin ƙaramin cokali, banila ƙaramin cokali ɗaya, ɗan gishiri, da naman dabino giram 100 da aka jiƙa ya yi laushi, ko kuma eritiritol rabin kofi. Ki markaɗa minti biyu cur, kina tsayawa kina kankare gefe. Ƙullun ya kamata ya fi na alale kauri, ya riƙa faɗowa daga cokali a dunƙule.

Ki shafa mai a gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20, ki zuba, ki gasa a obin mai zafin digiri 175 na minti 20 zuwa 25. In babu obin, tukunyar yashi ta yi: ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, ki rufe ki bar shi ya yi zafi minti 15, ki aza gwangwanin a kan ƙananan gwangwanaye uku don kada gindinsa ya taɓa yashin, ki rufe, wuta matsakaiciya, minti 30 zuwa 35. Ya gasu idan samansa ya bushe ya ɗan tsage, gefensa ya saki gwangwani, tsinken da kika soka a tsakiya ya fito da ɗan burbushi mai danshi. Kada ki jira tsinke ya fito tas, a lokacin ya riga ya bushe.

Babu gulutin da zai riƙe shi, saboda haka da zafinsa marmashewa yake. Ki bar shi ya huce gaba ɗaya, in da hali ya yi awa biyu a firji, sannan ki yanka gida 12. Yanka ɗaya na dabino yana da kusan giram 12 na sitaci da sukari, na eritiritol kusan giram 6. Idan kika ji gafin wake, bai dahu sosai ba ne kafin markaɗe, ko kokon ya yi kaɗan. Gafin kuma yana raguwa idan ya kwana. Idan tsakiya ta caɓe, ba a tsane waken ba. Idan ƙasa ta ƙone sama ɗanye, wutar ta yi yawa ko yashin ya yi kaɗan. Wanda ba ya cin ƙwai, a musanya kowane ƙwai da rubu'in kofi na nunanniyar ayaba da aka dama, a ƙara minti biyar a gashi. Zai fi nauyi, kuma ayabar tana ƙara sukari da fotasiyam. Man kwakwa yana ba da ƙamshi, amma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne mai daskarewa, don haka mai yawan kitse a jini ya tsaya ga man gyaɗa.

Dunƙulen dabino da gyaɗa

Naman dabino giram 150, soyayyiyar gyaɗa da aka murje ɓawonta giram 100, garin koko babban cokali uku. Busasshen dabinon da ake kawowa daga Nijar sai an jiƙa shi a ruwan zafi minti 20 an tsane, mai laushin Makka kuwa kai tsaye. A daka gyaɗar a turmi sama-sama, a zuba dabino da koko a kirɓa har ya haɗe, a mulmula guda 16. Kowanne kusan giram 7 zuwa 8 ne na sitaci da sukari, wato ga mai ciwon sukari ɗaya ne rabonsa, kuma bayan abinci. Shi ne kaɗai a cikin waɗannan da ke jure rashin wutar lantarki, yana yin kwana uku a rufaffiyar roba a inuwa. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse a zubar, domin gubar fumfunar gyaɗa tana illata hanta kuma suya ba ta kashe ta. Wanda gyaɗa ke sa wa borin jini, a yi masa da soyayyen riɗi ko kankararriyar kwakwa, bayan an tabbatar su ma jininsa ya ɗauke su, kuma a wani turmin daban, don turmin itace yana shan man gyaɗa.

Sandar cakulan

Wanda ke son cakulan mai ƙarfi da ake ɓantara, yana buƙatar man koko: giram 100, garin koko da aka tankaɗe giram 60, eritiritol da aka niƙa ya yi laushin hoda giram 30 zuwa 40. Ana narka man a cikin kwanon da aka aza a kan tukunyar ruwan zafi, ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba, kuma zafin kada ya wuce digiri 50. Ruwa shi ne babban abokin gabarsa. Ɗigo ɗaya daga murfi ko jiƙaƙƙen cokali zai sa garin ya cure ya zama kamar tuwo, shi ya sa zuma da dabino ba sa shiga nan, suna ɗauke da ruwa. In hakan ta faru, ba ya komawa sanda. A ƙara ruwan zafi cokali-cokali ana juyawa har ya saki, a yi miyar zubawa a kan ayaba ko kek da shi. Zaƙin kuma ba ya narkewa a cikin mai, in bai yi laushi ba za a ji yashi a haƙori.

Bayan an haɗa, a sauke a ci gaba da juyawa har ya huce zuwa digiri 27 ko 28, a sake ɗumama shi kaɗan zuwa 31 ko 32, sannan a zuba a mazubi. Wannan hawa da saukar ne ke sa ya yi sheƙi ya karye da ƙara. In an tsallake, zai daskare amma da fari-fari a fuska, ba lalacewa ba ce, man ne ya taso. Man koko yana narkewa a kusan digiri 34, man kwakwa tun a 24, don haka sandar da aka yi da man kwakwa ba ta minti goma a waje a watan Afrilu. Man kaɗanya mai tsabta na ci yana iya maye gurbin kashi ɗaya cikin biyar na man kokon. Ko a Tarayyar Turai dokar cakulan ta 2000 ta yarda a sa shi, cikin wasu mayukan itatuwa shida, har kashi 5 cikin 100. A zaɓi wanda ba shi da warin hayaƙi, a narka a tace da ƙyalle tukuna.

Koko yana da kafeyin, kusan miligiram 12 a babban cokali, da wani sinadari ɗan'uwansa mai hana barci, don haka yara da masu juna biyu da mai bugun zuciya su ci da rana. Wannan sinadarin guba ne ga kare da kyanwa, kada a zuba musu ragowa.

Lissafin giram da aka bayar kiyasi ne, domin dabino ya bambanta da dabino, jiki ma ya bambanta da jiki. Ranar da mai ciwon sukari zai fara cin ɗaya daga cikin waɗannan, ya ci rabo ɗaya bayan abincin da aka rage wa tuwo ko shinkafa da kwatankwacinsa, ya auna jininsa kafin ci da kuma awa biyu bayan fara ci. Ma'aunin da likitoci suka fi bayarwa na awon bayan ci shi ne ƙasa da 180, ko ƙasa da 10 a na'urar da ke ƙirga da milimol, sai in likitansa ya sa masa wata iyaka. In ya haura, a raba rabon biyu ko a cire dabino a koma sitibiya, a sake gwadawa wata rana. Wanda ke yin allurar insulin ya rubuta giram ɗin kowane yanka a jikin murfin robar.